Dillali, jauro da noter: ramukan da ke jiran mai sayen gidan farko a arewacin Kamaru

A Garwa, Marwa ko Ngawundare da wuya mutum ya sayi gida bai bi ta hannun dillali ba. Babu allon da ake kafe gidajen sayarwa da farashinsu, masu gida da yawa kuma ba sa son maƙwabta su ji sun sa gida a kasuwa, don ana yi wa abin kallon karayar arziki. Shi ya sa labarin yake hannun 'yan tsiraru, masu zama a gindin dalbejiya kusa da kasuwa ko a ƙofar masallaci, waɗanda masu Faransanci ke kira demarsher. Su suka san gidan da magada suka gaji da rigima a kansa, da ma'aikacin da aka mayar Yawunde, da ɗan kasuwar da bashi ya shaƙe wa wuya. Wannan sani yana da daraja, ya kuma cancanci a biya shi. Ɓarnar tana farawa ne ranar da mai saye ya damƙa wa dillali wasu ayyuka uku da ba nasa ba: yanke farashi, tantance takarda, da riƙe kuɗi.

Dillali ba ya samun ko dala sai ciniki ya faɗa. Duk abin da zai ja cinikin baya, ko binciken mako biyu a ofis, ko jiran damina a ga yadda ruwa ke bi, asara ce a wurinsa. Ba sai ya zama mugu ba kafin ya matsa maka. Tsarin biyansa ne ke tura shi. Ga shi kuma kasuwa tana bayansa. Tun da aka kafa jami'ar Marwa a 2008, aka kafa ta Garwa a 2022, mutanen kan iyaka kuma suka yi ta kwarara cikin birane tun 2014 saboda rikicin Boko Haram, masu neman muhalli suka yi yawa. In ya ce maka akwai wani mai so, sau da yawa ba ƙarya yake yi ba gaba ɗaya.

A batun farashi, la'adar da aka ambata a fili ba ita ce babbar matsala ba. Ɗorin da ba a ambata ba shi ne. A ce mai gida ya gaya wa dillali cewa miliyan 9 na sefa yake so a hannunsa. Dillali ya zo ya ce maka miliyan 12. Ka taya 10, ya ce albarka, ya fita waje ya yi waya, ya dawo yana girgiza kai: "Malam, wallahi na roƙi Alhaji, saboda kai ya sallama a 11." Ka tafi gida kana murna ka rage miliyan guda, alhali miliyan 2 sun tsaya a tsakiya. Bayan haka ya nemi la'adarsa a wurinka, in kashi 5 cikin ɗari ne, jaka 550 ke nan, wato sefa dubu 550, ya kuma je ya karɓi wani abu wurin mai gidan. Abin ya fi muni in dillalan sarƙa ne. Wanda ka sani ya ji daga wani, shi ma ya ji daga wani, sai a na huɗu ake samun wanda ya taɓa zama da mai gidan, kowa kuma ya ɗora nasa. Alamar hakan ba ta ɓoyuwa: kullum mai gida ya yi tafiya, ko ba shi da lafiya, ko "ba ya son yawan magana".

Maganin wannan ɗaya ne, kuma ba shi da tsada. Kafin a ambaci kuɗi na ƙarshe, sai an zauna da mai gidan ido da ido, ya faɗi farashi da bakinsa a gaban dillali da shaidunka biyu. Dillalin kirki ba ya gudun wannan zama, abin da yake tsoro shi ne ku haɗa baki ku tsallake shi. To a cire masa wannan tsoron tun farko: a rubuta 'yar takarda mai sa hannu cewa in cinikin wannan gida ya tabbata, la'adarsa kaza ce, wane ne zai biya, kuma za a biya ranar da aka sa hannu a gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta ciniki da tabbatar da shi. Kuɗin kai ka ganin gida, jaka biyu ko uku na mai, wannan ba abin faɗa ba ne, sai dai akwai masu rayuwa a kansa kawai, su yi ta yawo da kai gidajen da an riga an sayar.

Kamaru tana da dokar da ta tsara wannan sana'a, mai lamba 2001/020 ta 18 ga Disamba 2001. Ta wajabta wa dillalin gidaje ya yi rajista, ya riƙe katin sana'a, ya kuma sami izini a rubuce daga wanda yake yi wa aiki. Mafi yawan dillalan unguwa ba su da ko ɗaya daga ciki. Wannan bai sa su zama ɓarayi ba, amma yana nufin in abu ya ɓaci babu ofishin da za ka je, babu wata ajiya da za a biya ka daga cikinta. Ko da haka, tambayar "ina takardar da mai gida ya ba ka?" tana tace mutane da yawa.

Inda aka fi zubar da hawaye shi ne takarda, kuma a nan ne ya kamata a daɗe.

Mu a al'ada ciniki ya ƙullu in an yi shi a gaban shaidu, jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, ya buga hatiminsa, an yi fatiha. Dokar ƙasa ba haka take gani ba. Dokokin 6 ga Yuli 1974, masu lamba 74-1 da 74-2, sun raba ƙasa gida uku: wadda ke da titir fonsiye (takardar mallakar ƙasa ta hukuma) da sunan wani, wadda take ta hukuma, da sauran duka, wadda ake kira ƙasar al'umma, gwamnati ce ke kula da ita. Mai zaune a ƙasar al'umma yana da haƙƙin zama da mora, amma a idon doka ba mai mallaka ba ne. Sashe na 8 na dokar 74-1 kuma ya faɗi abu biyu ƙarara: cinikin ƙasa ko gida da ba a yi a gaban noter ba ɓatacce ne, haka ma sayar da filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwa ba. Sashen ya tanadi tara daga sefa 25,000 zuwa 100,000 da ɗauri daga kwana 15 zuwa shekara 3 ga irin wanda ya sayar da wuri ɗaya ga mutum fiye da ɗaya.

To takardar jauro fa? Tana da amfani, amma ba irin wanda dillali ke faɗa ba. Tana nuna cewa ka ba da kuɗi, ranar kaza, ga wane, kuma mutanen unguwa sun sani. In rigima ta tashi tsakaninka da maƙwabci a kan katanga, za ta yi maka aiki a zauren jauro ko a fadar lamido. Ranar da wani ya zo da titir a kan wannan wuri, ta zama takardar tsire. Ba za ka kai ta Crédit Foncier, bankin rancen gidaje, ko wani banki a ba ka rance a kanta ba. Jauro kuma ba ya riƙe da littafin da ya kai na hukuma. Jauro ya rasu, ɗansa ya hau, an sake sayar da fulotin da uban ya shaida, wannan labari ne da kowace unguwar bayan gari ta san irinsa.

A faɗi gaskiya: gidaje masu ɗimbin yawa a tsofaffin unguwanni ba su da titir, kuma ana saye ana sayarwa kullum. Ba za a ce wa malamin makaranta mai miliyan 6 ya jira gida mai titir a tsakiyar unguwar Domayo ta Marwa ba. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gidan da ba shi da titir bai kamata ya yi kuɗin mai titir ba, kuma binciken da za a yi masa ya ninka: a zauna da maƙwabtan ɓangarori huɗu ba tare da dillali ba, a tambayi tsofaffin unguwa wa ya fara gina wurin da yadda ya zo hannun mai sayarwa, a karɓi dukan tsofaffin takardun ciniki na asali, ba hoto ba, a je kadastir, ofishin awon filaye na gwamnati, a tabbatar wurin bai faɗa cikin titir ɗin wani ko filin gwamnati ba. Hanya mafi tsabta, in mai gida ya yarda, ita ce shi ya nemi titir da sunansa tukuna, a biya shi kashi-kashi yadda aikin ke ci gaba, sannan a ƙarasa a wurin noter.

Nan ne ake jin kalmar da ta ci kuɗin mutane da yawa: "titir ɗin yana kan hanya." Hanyar doguwa ce. Umarnin 76-165 na 27 ga Afrilu 1976, wanda aka yi wa gyara a 16 ga Disamba 2005, shi ya tsara ta. Ana shigar da buƙata a ofishin sufurefe (jami'in mulkin yankin), kwamitin da yake shugabanta, wanda sarkin wurin da dattawa biyu ke ciki, ya fito ya ga wurin, ma'aunin kadastir ya kafa duwatsun iyaka, a buga sanarwa, a jira kwana 30 ko wani zai yi jayayya, sannan a rubuta a littafi. Kuma wannan hanya ta kai tsaye an buɗe ta ne ga wanda ya zauna ko ya raya wurin kafin 5 ga Agusta 1974, ko zuriyarsa. Filin da yake daji har shekarun 1990 ba ta nan yake bi ba, sai ta neman hukuma ta ba ka shi na wucin gadi, ka raya, sannan a tabbatar maka. Saboda haka in an ce yana kan hanya, sai a ce a nuna rasit ɗin shigarwa da takardar kafa duwatsu, a je ofishin a ji inda fayil ɗin ya tsaya, da ko akwai mai jayayya. Sau da yawa za a tarar ko dai ba a shigar da komai ba, ko an shigar shekara bakwai da suka wuce rigima ta tsayar.

Gida mai titir ma ba a saye da ido rufe. Abin da ke hannun mai gida kwafi ne. Asalin yana cikin littafin ofishin ajiyar rajistar filaye na ma'aikatar filaye (MINDCAF), wanda tun gyaran 2005 yake a hedikwatar kowace gunduma. Kai da kanka, ko noter ɗinka, za ku je can da lambar titir ku nemi takardar shaidar mallaka sabuwa, wadda ba ta wuce wata uku ba. Ita ke nuna sunan mai wurin a yau, faɗinsa, da ko an jinginar da shi a banki, ko kotu ta sa masa alama saboda shari'a. Kada dillali ya ce zai karɓo maka don ya rage maka wahala. Kwafin da aka goge suna aka sake bugawa ba ya wuyar yi, akwai kuma mai cewa kwafinsa ya ɓata a ba shi wani, alhali na farkon yana ajiye wurin ɗan kasuwar da ya ranta masa kuɗi.

Sai batun uwar takarda. Dillali ya nuna maka titir na gaske, mai hatimi, amma na fili mai faɗin hekta uku ne da sunan wani dattijo, gidan da kake so kuma murabba'in mita 400 ne a cikinsa, ya ratsa hannu uku da takardar unguwa. Wannan titir ba naka ba ne, ba na mai sayar maka ba ne. Sai an yanka maka naka: mai sunan ko magadansa su sa hannu a wurin noter, ma'auni ya auna ya kafa duwatsu, a fitar da sabon titir da sunanka. In mai sunan ya rasu ko ya ƙi, kana zaune ne a filin wani. Ko titir ɗin na gidan ne shi kaɗai, a ɗauki ma'auni a je a nemo duwatsun huɗu a gwada da zanen. Ana samun titir na fulotin da ke gefe, ana samun katangar da ta ci mita biyu na hanya.

Gidan gado shi ne abincin dillalai, domin magada suna sauri kuma sukan karya farashi. Babban wa ne ke fitowa, ga makulli ga takarda, ya ce shi ne wakilin gida. Ka tambaye shi: "Yaya, ku nawa ne marigayi ya bari?" In dillali ya riga shi amsawa, ka ƙara kunne. Abin da ake bukata shi ne hukuncin kotu da ya lissafa magada, da sa hannun kowannensu ko wakilcin da aka yi a gaban noter. Wanda kotu ta naɗa ya kula da dukiya ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai. Waɗanda ake mantawa kusan kullum su ne mata: ƙanwar da ke aure a Yola, wata a Njamena, amaryar marigayi da ƙananan 'ya'yanta. Rabon malamai a zaure yana wanke ka a wurin Allah in an yi shi daidai, amma noter ba zai yi aiki da shi shi kaɗai ba. Yaron da yake shekara goma yau zai girma, kuma ba dillali zai nema ba, mai zaune a gidan zai nema.

Wata magana gajeriya ga 'yan'uwa masu takardun Najeriya ko Cadi: doka ta ce cinikin baƙo sai da amincewar ministan filaye, kuma ba a yarda ya mallaki ƙasa a yankin kan iyaka ba. Dillalin Kusiri zai ce a sa sunan aboki ɗan ƙasa. Gidan ya zama na abokin ke nan, bayan ransa kuma na magadansa.

Shi kansa ginin, lokacin da ake nuna shi yana da ma'ana. A watan Maris kogunan Marwa, Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga, yashi ne zalla, yara na ƙwallo a ciki, kowace unguwa a Marwa tudu ce. A Agusta ne ake sanin gaskiya. Wanda ya ga abin da Binuwai ya yi a 2012, ko yadda ruwa ya ci Yagwa da Kusiri a 2022 da 2024, ba zai yarda da "nan ruwa ba ya zuwa" ba. In ba za a iya jiran damina ba, a duba gindin katangar maƙwabta, ba ta gidan da aka shafe da sabon fenti ba. Layin da ruwa ya bari yana nan, da gishirin da ke cin filasta, da dokin ƙofar da aka ɗaga da bulo biyu. A tambayi mai shagon kan kwana ko babur na shigowa lungun a watan takwas.

A gefen Marwa da wasu sassan Garwa akwai baƙar ƙasar karal, ta noman muskuwari (dawar rani), wadda ke kumbura da ruwa ta dare da rani. Ginin da aka ɗora mata ba tare da zurfin tushe da ɗaurin rodi ba yakan tsage daga kusurwar taga ya gangara a karkace. Tsagar da aka cike da siminti aka shafe tana bayyana in an haska fitila a gefen bango, ƙofar da ke cijewa ma shaida ce. A zo da magini na kanka, a biya shi yininsa, ya hau ya ga katakon rufi ko gara ta cinye, ya duba tazarar shadda da rijiya. A nemi rasit na ƙarshe na wuta da ruwa. A je ma'aikatar magajin gari a karɓi takardar da ke nuna matsayin wurin a tsarin gari, wadda dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta tanada, don a san ko hanya za ta bi ta kansa. Bakin kogin da jirgi ke bi, mita 25 daga iyakar cikarsa, na hukuma ne, haka gefen manyan hanyoyi. Ranar rusau ba a tambayar wa ya sayar maka.

Saura kuɗi. Dillali zai ce ka ajiye kafin alƙalami yau, don wani Alhaji daga Duwala zai turo nasa gobe. Ba a cinikin biri a sama. In dole sai an ba da wani abu, ya zama kaɗan, a hannun mai gida ba dillali ba, bayan an ga katin shaidarsa ya dace da sunan da ke takarda, kuma a rubuta abin da zai faru in ciniki ya warware. Sashe na 1590 na dokar farar hula ya san irin kafin alƙalamin da mai saye ke rasawa in ya janye, mai sayarwa kuma ya mayar da ninki biyu in shi ya janye, amma sai an fayyace cewa irinsa ake nufi. A ƙara da cewa in bincike ya nuna aibi a takarda, kuɗi zai dawo cif.

Noter kai za ka zaɓa, cikin masu aiki a yankin da gidan yake, kuma ragowar kuɗin ta hannunsa ko ta banki za su bi, ba a cikin leda a zauren wani ba. Tun kafin ka taya gida ka sa ya rubuta maka lissafin abin da zai biyo baya: harajin rajista, ladansa, kuɗin canja suna, na ma'auni, da tambura. Masu sayen farko da yawa suna zuba duk abin da suka tara a farashi, sai canja suna ya gagara, titir ya zauna da sunan tsohon mai gida shekara da shekaru, har ya rasu a koma neman magadansa. Za kuma a ba ka shawarar a rubuta miliyan 6 a takarda maimakon 11 don haraji ya ragu. Ma'aikatar haraji tana iya sake kimantawa ta ci tara, kuma in aka rushe cinikin wata rana, abin da aka rubuta shi za ka nema. In akwai 'yan haya a ciki, a riƙe wani kaso sai an miƙa makulli gida babu kowa.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa yana da ƙofa biyu. Sashe na 318 na dokar hukunta laifuka ta 2016 ya sa wa zamba da cin amana ɗaurin shekara 5 zuwa 10, kuma ƙara a wurin jandarma ko mai gabatar da ƙara takan fito da dillalin da ya kashe waya. In rigimar a kan ingancin titir ce, ana fara kai kuka ga ministan filaye, sannan kotun gudanarwa da ke Garwa, Marwa ko Ngawundare, kuma ana ɗaukar shekaru. Sai dai ɗaurin dillali ba ya dawo da miliyan 11, don galibi babur ne kawai dukiyarsa, kuɗin kuma an raba tun daren ranar. Shi ya sa yawancin irin wannan magana ke ƙarewa da sulhu a gaban jauro ko a fada, dangin mai laifi su ɗauki biya kaɗan-kaɗan. In an kai nan, a rubuta adadin da ranakun biya, wani mai abin hannu cikin danginsa ya tsaya masa da sa hannu, kuma kada a janye ƙara sai kason farko ya shigo hannu.